Muna son yin fim mai dogon zango a Gombe, wace kyamara za mu saya?

Tambaya: Mu bakwai ne a Gombe, yawancinmu 'yan Pantami da Bolari. Mun yi adashi mun tara 'yan kuɗi domin mu yi fim mai dogon zango irin su Labarina da Kwana Casa'in. Mun gwada kashi biyu da kyamarar aro mun ɗora a YouTube, amma mutane ba sa kallo har ƙarshe, wasu ma sun ce maganar ba ta fita. Me ya sa na waɗancan yake karɓuwa har ana yabonsu? Kuma wace kyamara ya kamata mu saya?

Amsa: Sannunku da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a adashin. Amma ku ɗaure bakin jakar tukuna, kada ku sayi kyamara. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ku da bakinku kun faɗi abin da ya tsamar da shi: mutane suna tsayawa a hanya, magana kuma ba ta fita. Na farko ciwon labari ne, na biyu ciwon sauti ne, kyamara kuwa ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Mai kallo a waya zai haƙura da hoton da bai kai ya kawo ba muddin labarin ya kama shi, amma da zarar ya fara kasa kunne yana cewa "me ta ce?" sau biyu sau uku, to ya tafi ke nan.

Mu fara da waɗanda kuke sha'awa. Kwana Casa'in ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2019, labarin siyasa da aikin jarida da cin hanci a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa, inda Sani Mu'azu ya fito a matsayin Bawa Maikada. Ku lura da sunan shirin kansa, wa'adi ne. Tun kafin a ga fuskar kowa an riga an ɗaura wa mai kallo agogo, sannan kowane mutum a ciki yana da abin da yake nema da abin da yake ɓoyewa. Dadin Kowa, wanda ya girme shi a tashar, an gina shi a kan gidaje da yawa a gari guda, shi ya sa ya iya shekara da shekaru: in rigimar wannan gida ta lafa ta wancan ta taso, in wani ɗan wasa ya tafi garin ba ya rushewa. Labarina na Aminu Saira, da ya fara a 2020, gwanintarsa tana wajen rufe kashi, ana tsayar da shi daidai inda mai kallo zai kwana da tambaya a ransa har mako ya zagayo. Dabaru uku ne mabambanta, amma duk a kan takarda aka ƙulla su kafin a kunna kyamara.

Akwai darasi na biyu da ya fi shafar ku 'yan Gombe. A 2019 an cire fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart daga gasar Oscar ta finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda aka ɗauka a Taraba maƙwabciyarku, maganarsa akasari Hausa ce da Fulatanci. Shi ya zama gwarzon fim a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2020, Maryam Booth kuma ta karɓi kyautar mataimakiyar jaruma. A 2024 Mai Martaba aka tura, fim ɗin sarauta da aka ɗauka a Daura; bai kai zagayen ƙarshe ba, amma shi ya wakilci ƙasar baki ɗaya. Ko a waje, shirin Shogun mai dogon zango, da yawancin maganarsa Japananci ne, ya kwashi kyautar Emmy 18 a 2024, wato kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka. Alƙalan gasa da masu kallo duk abu guda suke bi: a kai su wani wuri na gaske, su ji mutanen wurin suna magana da bakinsu.

A nan ne ƙungiyoyi irin taku suke yin asara. Sai a ari falon wani mai hali, a ari mota, a ƙirƙiro Alhaji mai kamfani da 'yarsa da ta dawo daga Ingila, kowa yana lanƙwasa harshe yana kwaikwayon Hausar Kano. Wannan kasuwa ta cika, kuma masu ita sun fi ku kayan aiki. Abin da kuke da shi wanda ba su da shi shi ne Gombe: kasuwar Tudun Hatsi lokacin kaka, masunta da masu noman rani a bakin madatsar Dadin Kowa, direbobin manyan motocin siminti a hanyar Ashaka, tuddan Tula da Kaltungo, gonakin Tumfure da gari ya cinye suka zama filayen da magada ke shari'a a kansu, da gidan da ake jin Fulatanci a tsakar gida, Hausa a zaure, maƙwabci kuma Batangale ne ko Batere ko Bawaje. Ga misali. Dillalin hatsi a Tudun Hatsi ya karɓi waken manoman wani ƙauye bisa amana, ya ɓoye yana jiran farashi ya tashi, ƙwari suka shiga rumbun. An sa ranar auren 'yarsa bayan babbar salla, kuma babban mai bin sa bashin shi ne uban angon. Ga mai nema, ga abin da ya tare masa hanya, ga abin da zai rasa, ga kuma wa'adi. In labarinku bai iya shiga jimla uku ko huɗu irin waɗannan ba, bai nuna ba tukuna.

Tashoshin talabijin sun saba da zango mai kashi 13 saboda ya yi daidai da makonnin wata uku. Ku kada ku fara da haka. Ku yi kashi 8, kowanne minti 25. A tsarin rubutun fim shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya, don haka shafi 200 ne a gabanku. Kowane kashi ya ɗauki fitowa 12 zuwa 15 (fitowa ita ce yankin labari da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya), yawancinsu kada su wuce minti biyu, a bar doguwa guda ɗaya ko biyu inda ake fito-na-fito. Manyan 'yan wasa biyar ko shida, wuraren ɗauka kada su wuce takwas. Ku fara rubuta kashin ƙarshe, ko aƙalla ku san yadda zai ƙare dalla-dalla, domin abin da ke kashe yawancin finafinai masu dogon zango shi ne a fara ba a san inda za a sauka ba. Daga kashi na biyar sai a koma jan labari da ciwon asibiti da mafarki da tuna baya. Kuma kada a kunna kyamara sai an gama rubuta duka takwas ɗin, 'yan wasa sun zauna sun karanta su da baki, wani yana riƙe da agogo. A wannan zaman ne za ku ji jimlar da ba ta zauna a bakin Bahaushe ba, da fitowar da kowa ya fara duba wayarsa ana tsakiyar karanta ta. Wannan fitowar a cire ta.

Ku koma ku kalli kashi biyun da kuka yi, ina da yaƙinin za ku tarar da ɗaya daga cikin cututtuka uku. Ta farko ita ce gaisuwa. A rayuwa gaisuwa ladabi ce, a fim kuwa in an nuna mutum ya yi sallama, an amsa, ya cire takalmi, ya zauna, an yi ina kwana da ina gajiya da ya iyali, minti guda ya tafi babu abin da ya faru. A shiga fitowa bayan an gama gaisawa, a fita kafin a yi sallama. Sai fa in gaisuwar ce rigimar. Ku ɗauka manomin nan ya iso rumfar dillali. Dillali ya tare shi da fara'a: ya hanya, ya mutanen gida, ya yara, ya aka ji da ruwan bana, a kawo wa baƙo ruwa mana. Manomi yana amsawa da "lafiya" ɗaya tak kowane karo, bai zauna ba, idonsa yana kan kusurwar da buhunansa suke a da. Babu wanda ya ambaci kuɗi, amma duk mai kallo ya san abin da ake ciki, kuma ba zai ɗaga ba sai ya ga wanda zai fara faɗa.

Cuta ta biyu ita ce maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani: an yi faɗa a kasuwa a gabanmu, sai a koma gida a zauna ana ba Hajiya labarinsa daga farko. A nuna fuskar Hajiya bayan ta ji, ya wadatar. Ta uku kuwa ita ce kowa ya buɗe baki ya zazzage abin da ke zuciyarsa. A gidajenmu ba haka ake yi ba. Uwa tana kunyar ɗan fari har ba ta kama sunansa, suruka tana magana da habaici, dattijo in ransa ya ɓaci karin magana yake jefawa ko ya yi shiru ya ja carbi. Wannan kawaicin shi ne dukiyar marubucin Hausa, domin tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya faɗa da abin da yake nufi ita ke riƙe mai kallo. Haka ma wa'azi: in labarin ya nuna sakamakon cin amana, ba a bukatar malami ya fito a ƙarshe ya sake bayani.

Yanzu sauti, inda nake so ku fi zuba kuɗi da hankali. Galibi abin da ke hana magana fita shi ne dogaro da makirufon da ke jikin kyamara. Kyamara tana nesa da ɗan wasa da mita uku ko huɗu, don haka abin da take ɗauka rabi murya ne, rabi amsa-kuwwar ɗaki da hayaniyar unguwa. Dole makirufo ya kusanci baki. Wanda ake ɗaurawa a dogon sanda, wato bum, a riƙe shi sama da kan mai magana da tazarar santimita 30 zuwa 50, bakinsa yana kallon tsakanin haɓa da ƙirji. A sauke shi har sai ya leƙo cikin hoto, sannan a ɗaga kaɗan. Mai riƙe bum ya haddace fitowar kamar ɗan wasa, domin ya juya sandar kafin mai amsawa ya buɗe baki. A waje, musamman da hunturu, a sa wa makirufon rigarsa mai gashi, in ba haka ba iska za ta riƙa bugunsa kamar ganga.

Ƙananan makirufo na maƙalawa a riga suna da amfani in an ɗauko mutane daga nesa, amma tufafinmu suna ba su wahala. Shadda mai sitaci tana ƙara kamar ana murza takarda duk lokacin da mutum ya motsa, hijabi yana gogar kan makirufon, sarƙa da awarwaro suna kaɗawa. Maganinsa a manna makirufon da filasta a tsakiyar ƙirji, a yi wa wayarsa ɗan lanƙwasa a manne ta ita ma, a sa ƙyalle mai laushi tsakaninsa da rigar, duk wanda zai yi doguwar magana kuma a zaɓa masa yadi mai laushi da ya sha wanki.

Na'urar naɗar sauti a saita ta a kilohaz 48, bit 24. A ma'aunin ƙarfin sauti da ke jikin na'urar, magana ta riƙa kaiwa wajen desibel 12 ƙasa da sifili. In ta taɓa sifili muryar ta fashe, kuma babu editan da zai ɗinke ta. In akwai ihu ko kuka a fitowar, a gwada shi da cikakken ƙarfinsa kafin a fara. Mai sauti ba ya cire abin sauraro daga kunnensa, kuma a ba shi ikon tsayar da ɗauka kamar yadda darakta yake da shi. A farkon kowace ɗauka a buga allon ɗauka mai bakin katako ko a tafa hannu a gaban kyamara, da wannan ƙarar edita zai haɗa sauti da hoto. Kafin a bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a naɗi minti guda na shirun wurin. Da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu, in babu shi za a ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa a duk inda aka yanka. In kuma wata jimla ta lalace saboda babur ya wuce, a sa ɗan wasan ya maimaita ta nan take a wurin, sauti kawai, tun muryarsa tana cikin yanayin.

Wurin ɗauka da kunne ake zaɓensa kafin ido. Ku je gidan a daidai lokacin da za ku yi aiki, ku tsaya minti biyar ido a rufe. Akwai injin markaɗe a maƙwabta? Makarantar allo ko Islamiyya? Titin da Keke Napep ke bi? Ɗaki mai tayil da siminti babu kaya yana amsa-kuwwa, a shimfiɗa darduma, a rataye barguna a bangon da kyamara ba ta gani, a jingina katifa a kusurwa. Fanka da firiji a kashe su lokacin ɗauka, wayoyi a rufe layinsu. Janareta a kai shi aƙalla mita 30, a bayan katanga, a ja doguwar waya. Lokutan kiran salla a sa su cikin jadawali tun farko, su zama lokacin hutu da salla. Da damina kuma rufin kwano in ruwa ya sauko aiki ya tsaya, sai a tanadi wata fitowar da ba ta da magana a yi ta a lokacin.

Hoto ba ya bukatar dogon bayani kamar sauti, amma akwai saiti kaɗan da in an kuskure su kyamara mai tsada ma ba ta ceto. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka a ɗauka a firem 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, shota kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Wayoyi da kyamarori da yawa suna zuwa a saite a firem 30, shi ya sa ake ganin hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ƙaramin janareta ma ba ya riƙe wuta daidai, gara fitilun LED masu batir. A kulle ma'aunin fari da hannu, wato saitin da ke daidaita launi da irin hasken wurin, wajen 5600 a hasken rana, 3200 a ƙarƙashin jan ƙwai, kada a bar wa kyamara ta zaɓa, in ba haka ba launin fuska zai riƙa sauyawa tsakanin yanka da yanka. Ranar Gombe daga ƙarfe 11 zuwa 3 tana saukowa daga tsakar ka, idanu su zama ramuka baƙaƙe, hula ta rufe rabin fuska. Fitowar waje a yi ta daga 7 zuwa 10 na safe ko daga 4 zuwa faɗuwar rana, tsakar rana a shiga ɗaki ko inuwar darbejiya da allon mayar da haske. Farar shadda tas a jikin baƙin mutum matsala ce: in an saita haske don fuska rigar ta ƙone, in an saita don riga fuskar ta nutse. A zaɓi ruwan madara, ruwan toka ko shuɗi mai haske, a guji yadi mai ƙananan ratsi domin yana rawa a allo.

In mutum biyu suna magana, ku ja layi a zuci daga wannan zuwa wancan, kyamara ta tsaya a gefe guda na layin har a gama fitowar. Da an tsallaka, a allo sai a ga duk su biyun suna kallon ɓangare ɗaya kamar ba da juna suke ba. Kowace fitowa a ɗauke ta aƙalla sau uku daga farko har ƙarshe: ɗaya daga nesa, sai kusa da fuskar wannan, sai kusa da fuskar wancan, har da lokacin da yake sauraro bai ce komai ba. Sau da yawa fuskar mai sauraro ita edita zai fi bukata.

Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda aka rubuta shi. Ana tattara duk fitowar da ke rumfar dillali, daga kashi na 1 har na 8, a gama su a kwana uku ko huɗu, sannan a koma gidansa. Sababbin ma'aikata masu kyamara ɗaya su sa ran shafi 5 zuwa 7 a rana, wato shafi 200 zai ci kwana 30 zuwa 40 na aiki. Ku duba kalanda: azumi, zafin Maris da Afrilu da ke sa kyamara ta ɗau zafi ta kashe kanta, da hazon hunturu da ke iya rufe Dutsen Bima yau gobe ya buɗe shi. Wannan tsari shi ke sa aikin mai kwantiniti, wato mai lura da cewa kaya da kamannin 'yan wasa ba su sauya tsakanin ɗauka da ɗauka ba, ya zama wajibi. A ba kowace ranar labari lamba, a ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya daga kai har ƙafa kafin a fara: ɗaurin ɗankwali, ɓangaren da aka karya hula, agogo, yawan shayin da ya rage a kofi. Lalle ya fi komai ba da wahala domin kullum dushewa yake yi. In amarya ta fito daga ɗaki da lalle jawur a ɗaukar Litinin, ta iso zaure a ɗaukar Asabar ya koɗe, mata masu kallo za su gani nan take. Duk fitowar biki a haɗa su cikin kwana biyu. Maza kuma babu aski babu gyaran gemu sai da izinin mai kwantiniti.

Ku rubuta yarjejeniya da kowane ɗan wasa, ko da ɗan ƙungiya ne, cewa zai tsaya har ƙarshen zango, a raba sallamarsa kashi uku, na ƙarshe sai an gama. Aure, karatu da saɓani suna ɗauke jaruma a tsakiyar aiki, manyan kamfanoni ma sun sha fama da wannan. Yara da 'yan mata sai da amincewar iyaye a rubuce. A gaida mai unguwa kafin a kafa kyamara a layinsa, in kuma akwai kaki ko bindigar wasa a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da takarda. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a faifan ajiya biyu, a buɗe a tabbatar yana wasa kafin a goge katin memori, faifan biyu kuma kada su kwana a gida ɗaya.

Wajen haɗawa, manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya ishe ku. A fara gyara magana, sannan a sa kiɗa a ƙarƙashinta can ƙasa. Yawan kiɗan tausayi a kan kowace jimla yana gajiyar da kunne. YouTube yana rage duk sautin da ya wuce wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS, sai ku daidaita naku kusa da haka. Kada ku ɗauko kiɗan finafinan Indiya ko na Turkiyya, na'urar YouTube tana gano shi, kuɗin tallan ya tafi wurin mai kiɗan ko a toshe bidiyon. Ku sa mai situdiyo a Gombe ya yi muku naku, da takardar mallaka. Inda aka yi Fulatanci ko Tangale a rubuta fassarar Hausa a ƙasan allo, a kuma yi ta Turanci ga duka shirin, wanda ya iya ya duba ta, domin da ita ake shiga gasa. Daƙiƙa 30 na farko kada a ɓata su da jerin godiya da sunayen kamfani, a buɗe da rigima. A cikin YouTube Studio akwai zanen da ke nuna daidai daƙiƙar da masu kallo suke ficewa; ku buɗe na kashi biyunku yau, ku ga me ke faruwa a allo a wurin da layin ya faɗi.

Batun hukuma kada ku yi wasa da shi. Ku yi wa kamfaninku rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ku nemi ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, NFVCB, ku kuma tuntuɓi ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN. In za ku yi aiki da 'yan wasan Kano ko ku kai shirin tashar da ke can, ku sani a 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Dadin Kowa, kan rashin kai su a tace kafin a saka. In ɗayanku zai iya karatu, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa tana Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya da Ali Nuhu yake shugabanta tun Janairun 2024. Ku tura wanda zai koyi sauti ko haɗa hoto, su ne suka fi ƙaranci.

Kuɗin YouTube kuma kada ku gina lissafi a kansa a zangon farko. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan mai tasha yana samun kashi 55 cikin ɗari, ba a kuma biya sai kuɗin ya kai dala 100. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuɗinsa kaɗan ne in an kwatanta da na Turai ko Amurka. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne 'yan kasuwar gari, mai shagon atamfa ko makaranta ko kamfanin ruwa, su ɗauki nauyin kashi a nuna kayansu a cikin labarin. Kada ku saki kashi na 1 sai aƙalla 6 sun kammala, domin mako guda da kuka tsallake yana zubar da masu kallon da kuka sha wahalar tarawa.

Shawarata kan adashin, a raba shi goma: biyu ga rubutu, har da biyan gogaggen marubuci ya duba ya gyara, biyu ga kayan sauti, uku ga abinci, sufuri da sallamar 'yan wasa, wanda kullum yake cin fiye da yadda aka zata, ɗaya ga hayar kyamara da fitilu, ɗaya ga edita da kiɗa, ɗaya a ajiye don ranar da ruwa ko rashin lafiya ya ɓata. Abin saye shi ne makirufon bum da sandarsa da rigar iska, ƙananan makirufo biyu, na'urar naɗar sauti, abin sauraro mai rufe kunne, ƙafar kyamara mai ƙarfi, allon mayar da haske da faifan ajiya biyu. Waɗannan za su yi muku shekaru. Kyamara kuwa a yi hayarta tare da mai ita, kowace iri ce, muddin tana ɗaukar 1080 ko 4K a firem 25, ana saita ta da hannu, ana sauya mata gilashi, wato idon kyamara. Gilashi mai milimita 35 da mai 50 sun isa, da gilashin rage haske na ND don rana, da batir huɗu.

Kafin ku kashe ko sisi a haya, ku rubuta fitowa guda ta minti uku, kamar ta manomi da dillali, ku ɗauke ta da wayar da ke hannunku amma da makirufo a kusa da baki. Ku ba mutum biyar da ba 'yan ƙungiya ba su kalla a ƙaramar waya, a bakin titi, ba tare da abin kunne ba. Ku tambaye su abu biyu: me manomin ya zo nema, kuma me suke zaton zai faru gaba. In huɗu sun amsa na farko daidai kuma suna gardama a kan na biyu, ku sa ranar fara aiki. In ba haka ba, ku koma kan takarda, adashin yana nan ba a taɓa shi ba.